Ta Ina Muryar Take Bi? Daga Rediyon Kawu Zuwa Cibiyar Taurari

Kawuna yana da wani tsohon rediyo mai cin batir huɗu, wanda ya ɗaure murfin bayansa da roba. Tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023, wuta ta koma yau akwai gobe babu, intanet kuma kan ɗauke kwana da kwanaki, sai rediyon nan ya dawo da martabarsa a gidanmu na Gadarif. Bayan sallar isha'i a shimfiɗa tabarma a tsakar gida, Kawu ya zaro eriya, ya shiga murɗawa a hankali daga mita 16 zuwa 19, zuwa 25, har 31, yana farautar tashoshin Hausa na ƙasashen waje. Wani dare ya ɗago kai ya ce da ni, "Ustaz, kai da kake koya wa yara kimiyya, gaya mini. Mutumin nan yana can wata uwa duniya, ba waya tsakaninmu, ba zare. Ta ina muryarsa take bi? Kuma don me tashar da nake ji garau da dare, da rana sai shuuu?"

Na ce, "Kawu, amsar da tsawo." Ya ce, "Daren ma da tsawo."

Abin da na gaya masa a daren shi nake son in shimfiɗa a nan, domin hanyar da muryar nan take bi ita ce dai hanyar da kusan duk labarin da ɗan'adam ya sani game da taurari ya biyo ya iso gare shi.

Maganaɗisu da lantarki tsofaffin sani ne, amma shekaru aru-aru ana ɗaukarsu abubuwa biyu da ba su haɗa hanya ba. Mayen ƙarfe yana jan allura, kuma allurar da aka goga masa tana nuna arewa. A ƙarshen ƙarni na 13, sarkin Yaman Al-Ashraf Umar ya rubuta yadda ake ɗora irin wannan allura a kan ruwa cikin kwano don a gano alƙibla. Lantarki kuwa, ko kalmar kahraba da muke faɗa a nan Sudan tana ɗauke da tarihinsa: asalinta Farisanci ce, ma'anarta mai fizgar ƙaiƙayi, sunan wani daskararren ƙaron itace ne wanda in an goga shi a tufa sai ya riƙa jan ƙananan haki. A 1800 Alessandro Volta ya ƙera batir na farko a Italiya. A 1820 kuma, a birnin Kofanhagen na Denmak, Hans Christian Ørsted ya lura cewa duk lokacin da ya saki wutar batir cikin waya, allurar kamfas da ke kusa sai ta karkace. Ba a taɓa ta ba, ta juya. Ashe wutar da ke gudu a waya tana haifar da maganaɗisu a kewayenta.

Daga nan ne Michael Faraday ya shigo, kuma a kansa nake son in ɗan daɗe, don a ganina shi ne gishirin wannan labari. Ɗan maƙeri ne, an haife shi a 1791, bai yi wani karatun kirki ba. Yana da shekara 14 aka kai shi koyon ɗinkin littattafai a Landan, sai ya riƙa karanta abin da aka kawo masa ya ɗinka. Har ya bar duniya a 1867 bai iya lissafi mai zurfi ba. Amma yana da hannu, yana da ido, yana da haƙurin maimaita gwaji sau ɗari. Ya tambayi kansa: in lantarki na haifar da maganaɗisu, shin maganaɗisu ba zai haifi lantarki ba? Ya shekara da shekaru yana gwadawa ba nasara, saboda yana ajiye maganaɗisun ne a tsaye kusa da waya. Sai a 1831 ya gano bakin zaren: motsi ake bukata. Ka tura mayen ƙarfe cikin naɗaɗɗiyar waya, wuta ta taso. Ka tsayar da shi, ta mutu. Ka zaro shi, ta dawo ta ɗaya gefen. Injinan da ruwan Nilu ke juyawa a madatsar Rusairis da ta Marawi, da ƙaramin janareton mai shagon cajin waya a kasuwa, duk wannan gwajin ne suke maimaitawa dare da rana.

Sai dai babban gadon da Faraday ya bari tunani ne, ba inji ba. Masanan zamaninsa sun tafi a kan cewa abu yana jan abu daga nesa kai tsaye, nan take, kuma tsakaninsu babu komai. Shi kuwa ya ƙi yarda. Duk shekara nakan nuna wa ɗalibaina dalilinsa. Ina ɓalle mayen ƙarfe daga tsohuwar lasifika, in karɓo garin ƙarfe wurin mai walda, in ɗora farar takarda a kan mayen, in barbaɗa garin kamar mai sa gishiri a miya, sannan in ɗan ƙwanƙwasa gefen takardar da farce. Nan take garin ya jeru layi-layi, masu lanƙwasa, suna fita daga wannan baki suna komawa wancan, kamar kunyoyin da aka yi wa gona huɗa a zagaye. Ajin yakan yi tsit. Faraday ya ce layukan nan suna nan tun kafin a barbaɗa garin, garin tona su kawai ya yi. Wato sararin da ke kewaye da maganaɗisu ba wofi ba ne, yana cikin wani hali, kuma wannan halin ne yake taɓa allura.

Wannan hali shi Larabawa ke kira majal, ni kuma a aji nake ce masa fili. Da na ga Kawu bai gamsu da kalmar ba, sai na ce masa, "Kawu, ka san kwarjini. Babban malami yana zaune a zaure, bai yi magana ba, bai taɓa kowa ba, amma duk wanda ya shigo sai ya ji zauren ya cika, kuma iya kusantarka iya abin da za ka ji." Ya gyaɗa kai. Bambancin kawai shi ne, wannan kwarjini na maganaɗisu ana auna shi da na'ura, a faɗi ƙarfinsa da inda ya fuskanta a kowane taku.

Manyan masu lissafi sun ɗauki layukan Faraday a matsayin zanen mutumin da bai iya lissafi ba. Wanda ya ɗauke su da gaske shi ne James Clerk Maxwell, mutumin Sikotlan, wanda aka haifa a 1831, shekarar da Faraday ya yi babban gwajinsa. Tsakanin 1861 da 1865 ya zuba tunanin Faraday cikin lissafi, ya kuma ƙara abu guda da ba wanda ya taɓa gani a ɗakin gwaji: kamar yadda filin maganaɗisu mai canzawa ke haifar da filin lantarki, haka filin lantarki mai canzawa ke haifar da na maganaɗisu. To, duba abin da zai biyo baya. Wannan ya motsa ya haifi wancan, wancan ya motsa ya haifi wannan, suna miƙa wa juna hannu suna gaba, ba sa bukatar waya. Igiya ke nan, irin wadda ke bazuwa a tafki in yaro ya jefa tsakuwa.

Maxwell ya zauna ya lissafa gudun wannan igiya, da alƙaluman da Jamusawa biyu, Weber da Kohlrausch, suka samu a 1856 daga awon lantarki zalla, aikin da ba ruwansa da haske. Amsar ta fito ɗan sama da kilomita 310,000 a daƙiƙa guda. Gudun haske kuwa, wanda Bafaranshe Fizeau ya auna a 1849, shi ma ɗan sama da kilomita 310,000 ne. Awon yau ya tsaya a kan 299,792. Duk lokacin da na zo wannan gaɓa a aji sai tsikar jikina ta tashi. Mutum ya fara da batir da waya da allura, ya ƙare da gane mene ne hasken rana. Haske igiyar lantarki da maganaɗisu ne.

Maxwell ya rasu a 1879 yana da shekara 48, bai ga tabbacin maganarsa ba. Heinrich Hertz ne, a Jamus, tsakanin 1887 da 1888, ya sa tartsatsin wuta ya yi tsalle a wannan gefen ɗaki, ƙaramin tartsatsi ya amsa a wani zoben waya a ɗaya gefen. A 1901 Marconi ya tsallakar da saƙo tekun Atilantika, daga Ingila zuwa gabar Kanada ta yau. A 1957 sashen Hausa na BBC ya fara magana.

Hausa ta riga ta ba wa wannan ilimi kalma mai kyau: zango. Kakanninmu da suka biyo hanyar gabas da ƙafa suna nufin Makka, har wasunsu suka yada zango a Mairuno da Gadarif da Kasala suka zauna, sun san zango shi ne tazarar da ke tsakanin masauki da masauki. A igiya, zango shi ne tazarar da ke tsakanin tozo da tozo. Mita 31 da ke rubuce a fuskar rediyon Kawu tsawon zangon igiyar ne, ba wani abu ba. Tashar FM zangonta kusan mita 3. Wayar hannu, 'yan santimita goma-goma. Ka ci gaba da gajarta shi, ka iso ga zafin da kake ji a fuska in ka matso kusa da garwashi, wanda William Herschel ya gano a 1800 da ya ajiye ma'aunin zafi gaba da jan launi na bakan gizo ya ga ya hau. Ka ƙara gajartawa, zangon ya gaza kashi ɗaya cikin dubu na milimita, shi ne hasken da ido ke gani, daga ja zuwa shuɗi. Gaba da shi akwai hasken da ke ƙona fata, sai wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti. Duk jinsi ɗaya ne, gudu ɗaya, zango ne ya bambanta. Abin da ido ke gani a ciki bai fi ƙofar taga ba a jikin doguwar katanga.

Tambayar Kawu ta biyu kuwa, ta dare da rana, amsarta tana sama. Can daga kamar kilomita 60 zuwa ɗaruruwa bisa kawunanmu, hasken rana mai ƙarfi yana ɓalle wa iska ƙwayoyin lantarkinta, sai wurin ya zama kamar rufi mai caji. Edward Appleton ya tabbatar da samuwarsa a 1924. Igiyar gajeren zango takan bugi rufin nan ta dawo ƙasa, ta sake tashi, da haka take zagaya doron duniya. Da rana, ɓangaren rufin na ƙasa-ƙasa yakan yi kauri ya shanye igiyoyi masu ɗan tsawo, irin su mita 41 da 49. Rana na faɗuwa sai ya watse, hanya ta buɗe. Shi ya sa gidajen rediyo ke sauya mita tsakanin shirin safe da na dare. Kawu ya shekara arba'in yana bin yanayin sararin samaniya da yatsunsa.

Yanzu mu ɗaga kai. Da yawa cikin mutanenmu in an ce ilimin taurari, hankalinsu kan tafi ga duba da bugun ƙasa, shi ya sa wasu iyaye ke ɗari-ɗari in yaro ya nuna sha'awa. Abin yana damuna ƙwarai. Manomin Gadarif da ke ƙirga taurarin damina, Dira'a da Natra da Tarfa da Jabha, kowanne da kwanakinsa, don ya san lokacin shukar dawa da riɗi, falaki yake yi, ba duba ba. Masu neman jinjirin wata ma haka. Abin da ya sauya a ƙarni biyun nan shi ne, da can ana kallon inda tauraro yake ne kawai, yanzu kuwa ana karanta abin da haskensa ya ɗauko.

A 1835 masanin falsafar Faransa Auguste Comte ya kawo misalin abin da ɗan'adam ba zai taɓa sani ba: sinadaran da aka yi taurari da su. Ya rasu a 1857. Bayan shekara biyu, Kirchhoff da Bunsen suka nuna cewa in an ratsa haske ta gilashi mai kusurwa uku aka baje launukansa, kowane sinadari yana barin layukansa a zangon da ya keɓanta da shi, kamar yadda kowace zuriya ke da tsagenta a fuska. Ka ga tsagen, ka san gidan. A 1868 aka ga wani layi rawaya a hasken rana wanda bai dace da kowane sinadari da aka sani ba, aka sa masa suna hiliyam, kuma sai a 1895 aka same shi a doron ƙasa. A 1925 Cecilia Payne ta nuna cewa mafi yawan jikin taurari haidirojin ne da hiliyam.

Akwai wani ɗan labari a nan da nake ƙauna. Gwajin ƙarshe da Faraday ya yi, a 1862, shi ne ya sa harshen wuta tsakanin bakunan maganaɗisu ko layukan hasken za su sauya. Bai ga komai ba, na'urarsa ba ta kai ba. A 1896 Pieter Zeeman na ƙasar Holan ya maimaita da kayan aiki mafi kyau, ya ga layukan sun buɗe. Daga baya aka ga ma rabuwa suke yi, kuma faɗin rabuwar yana nuna ƙarfin maganaɗisun. A 1908 George Ellery Hale, a dutsen Wilson na Kalifoniya, ya duba baƙaƙen tabban da ke fitowa a fuskar rana, ya ga layukansu a rabe. Karo na farko ke nan da aka auna maganaɗisu a wajen duniyarmu, daga nisan kilomita miliyan 150, kuma ƙarfinsa a cikin tabban ya ninka na duniya sau dubbai. Tabban nan suna yawaita su ragu duk bayan kusan shekara 11. In layukan filin suka murɗe suka tsinke, rana kan yi aman wuta. A Satumban 1859 irin wannan ya sa wayoyin tangaraho tartsatsi a Turai da Amurka. A ranar 13 ga Maris 1989 ya jefa lardin Kubek na Kanada cikin duhu na awa tara. Ƙananansa kuma su ne ke sa gajeren zango ya ɗauke ɗif da tsakar rana na ɗan lokaci.

Duk wannan da hasken ido aka yi shi. Buɗe sauran katangar ya zo ne ta hannun wani injiniyan kamfanin tarho a Amurka, Karl Jansky, wanda aka sa ya binciko abin da ke kawo ƙara a layin gajeren zango. Ya kafa eriya mai juyawa a kan tayoyin mota. Ya ware ƙarar tsawa ta kusa da ta nesa, sai wani siririn shuuu ya rage, mai tashi da faɗuwa kullum. Da farko ya zargi rana. Amma ya lura ƙarar tana dawowa duk bayan awa 23 da minti 56, ba 24 ba. Wannan gibin minti huɗu agogon taurari ne, shi ne dalilin da kowane tauraro ke riga jiyansa fitowa. A 1933 ya bayyana cewa ƙarar daga tsakiyar Majarra take zuwa, farin zanen nan mai kama da hayaƙi da ke ratsa sama, wanda gungun taurarinmu ne muke hango shi daga ciki.

Mu da muka san habub ba sai an wahalar da mu da bayanin amfanin wannan ba. In ƙurar ta taso ta rufe gari, ba ka ganin katangar maƙwabci, amma rediyo na ci gaba da magana, domin igiya mai dogon zango ba ta damu da ƙwayar ƙura ba. Tsakaninmu da cibiyar Majarra akwai habub da ba ya kwantawa, gajimaren ƙura mai kaurin gaske da ya tare hasken ido. Rediyo na ratsa shi. A 1944 Hendrik van de Hulst ya yi hasashen cewa sanyayyen haidirojin da ke tsakanin taurari yana fitar da igiya mai zangon santimita 21. A 1951 aka kama ta, kuma da ita aka zana taswirar hannayen Majarra masu naɗewa.

Daga nan abubuwa suka yi ta zuwa. A 1965 Penzias da Wilson suka ba da labarin wata ƙara da ke zuwa daga kowace kusurwa ta sama, bayan sun share har kashin tattabarun da suka yi sheƙa a eriyarsu ba ta tafi ba. Ragowar zafin farkon halittar sararin ne. A 1967 wata ɗaliba a Kambirij, Jocelyn Bell, ta ga wani ɗan ƙyalli a takardar na'urarta yana bugawa duk bayan daƙiƙa ɗaya da sulusi. Gawar tauraro ce da ta dunƙule ta koma faɗin gari guda, tana juyawa, maganaɗisunta na feso igiya kamar fitilar mai gadi. Kyautar Nobel ta 1974 ta tafi ga malaminta, ba a sa sunanta ba, kuma har yau ban ga hujjar da ta gamsar da ni ba. Bugun irin waɗannan taurari ya zama ma'auni: a 1845 Faraday ya gano cewa maganaɗisu na murɗa gefen da igiyar haske ke kaɗawa in ta ratsa wani gilashi mai nauyi, yau kuma da wannan murɗawar ake auna siririn filin maganaɗisun da ke shimfiɗe tsakanin taurari.

A ranar 10 ga Afrilun 2019 aka fitar da hoton farko na baƙin rami, wato wurin da ƙarfin jansa ya kai ko haske ba ya kuɓuta daga cikinsa, wanda ke cibiyar gungun taurari na M87, nisan tafiyar haske ta shekara miliyan 55. An haɗa faifan rediyo ne, wato manyan eriyoyi masu siffar faranti, daga nahiyoyi daban-daban suka yi aiki kamar ido guda mai faɗin duniya, a zangon milimita 1.3. A 2021 aka sake fitar da shi, wannan karon da zanen gefen da hasken ke kaɗawa. Na nuna wa ɗalibaina a waya, ranar da muka barbaɗa garin ƙarfe. Zoben wuta ne, a jikinsa siraran layuka masu lanƙwasa. Wata yarinya a layin gaba ta dubi wayar, ta dubi takardar da ke kan tebur, ta ce, "Ustaz, ai irinsu ɗaya."

Wannan fanni ba na masu dusar ƙanƙara kaɗai ba ne. Afirka ta Kudu ta buɗe MeerKAT, na'urar sauraren sama mai faifai 64, a 2018. Ghana ta ɗauki tsohon faifan sadarwa mai faɗin mita 32 a Kuntunse ta mai da shi na'urar sauraren sama a 2017. Abin da irin wannan aiki ya fi bukata shi ne fili mai nisa da hayaniyar na'urori, da yara masu lissafi, da zaman lafiya. Biyun farko Sudan tana da su.

Zangon da Jansky ya saurara mita 14.6 ne, wato tsakanin mita 13 da 16 a fuskar rediyon Kawu. Mafi yawan shuuu ɗin da ake ji tsakanin tasha da tasha daga tsawa ne da injina da cikin akwatin kansa, amma a wurin da ba hayaniya, da eriya mai kyau, akwai kason Majarra a ciki. Wanda ke son ganin inda take fitowa, ya fita bayan isha'i a watan Yuli ko Agusta, daren da hadari ya sarara kuma babu farin wata, ya fuskanci kudu. Zai ga taurarin Kunama da lanƙwasasshiyar wutsiyarsu. Ɗan gabas da ƙarin wutsiyar, inda farin hayaƙin ya fi kauri, nan ne. Igiyar da ke isowa daga cibiyar a daren ta baro gida kimanin shekara 26,000 da suka wuce.